Seftin Bindigar Munzali

Ranar da Najiba ta kawo min shayi ban tambaya ba, na san akwai abin da ke shirin lalacewa. 'Yata ce, na san halinta. In ladabinta ya yi yawa, to maganar da ke tafe ba mai daɗi ba ce.

Watanmu na uku ke nan cikin kullen korona a ƙasar waje, a unguwar Setapak, hawa na sha ɗaya na wani bene. Matata Sakinatu ce ta zo karatun digiri na uku, ni na biyo ta bayan na ajiye aiki. Shekara ashirin da biyu na yi a ɗakin ajiye makamai, ina karɓar bindiga ina bayarwa, ina duba wadda ta lalace. Bokona bai yi nisa ba, amma kunnena ya san ƙarfe.

Gaskiya kullen bai dame ni ba. Ga matata, ga 'yata, da yamma in sauka in yi mana tapau, wato sayen abinci a ƙunshe, a wurin mamak, mai shagon abinci na ƙasan gida. Abu ɗaya ne tsakanina da Najiba, shi ne Munzali. Yaro ne mai aikin ɗamara a can gida, shekara biyu suna son juna, ni kuwa na ce ba zan ba mai ɗaukar bindiga 'yata ba. Na sha karɓar bindigar da mai ita bai dawo ba.

Ta ajiye shayin, ta durƙusa.

"Abbana..."

"Faɗi, uwata."

"Bindigar Munzali ce. Ya ce sau biyu yana samun seftin ya sauka da kansa a cikin kube. Dariya ma yake yi. Yau kafin azahar za su yi rakiya, tafiyar kwana uku."

Seftin fistol shi ne ɗan ƙarfen gefe da ke hana ta tashi. Na ce, "Ba su da mai gyara a can?"

"Ba zai kai ba. Abba, ba maganar aure na kawo ba. Ka duba kawai... don Allah."

Sakinatu ta ɗago daga kwamfutarta. "Malam, shekara uku kana gyara mana fanka da tukunyar shinkafa don kewar aiki. Ga aikin ya zo har gida."

Ƙarfe uku na rana ne a nan, takwas na safe a can. Najiba ta kira shi ta bidiyo. Ya ɗauka da murna, "Hasken idona, har kin..." Sai ya ga fuskata. Nan take ya zube ƙasa don gaisuwa, wayar ta koma nuna min silin da fanka.

"Barka da rana, Baba. Ya iyali? Ya haƙuri da kulle?"

"Lafiya. Tashi in gan ka, ba silin na kira ba. Ina bindigar?"

Ya ɗauko.

"Juya bakinta bango. Cire magazin. Ja baya, nuna min cikin. Sa ɗan yatsanka ka taɓa."

"Ba komai a ciki, Baba."

"Ban tambaye ka ba. Sake."

Sau uku na sa shi. Haka nake yi wa kowa, har manyan da ke da taurari a kafaɗa. Sannan na lura da wani abu baƙi a naɗe jikinta.

"Mene ne wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Roba ce, Baba. Don ta riƙe shi."

Na ce ya cire. "Yanzu tura seftin sama. Yana da ƙarfi?"

"Eh, Baba."

"Ko ya saki?"

"Eh, Baba."

Najiba ta rufe baki tana dariya, idonta kuwa cike da hawaye. Na gane kunya ce ta kama yaron, duk abin da na ce sai ya ce eh. Da na biye masa, da mun rabu a kan cewa lafiya lau take.

"Munzali, kada ka ƙara ce min komai. Kawo ta kusa da wayar, ka tura shi sama da ƙasa. Kowa ya yi shiru."

Sakinatu ta kashe fanka. Na manna kunnena.

Lafiyayyen sefti in ka tura shi sai ya ce ƙas, kamar ka karya tsinke. Wannan shiru ya tafi, shiru ya dawo.

"Tura shi sama. Girgiza ta a hankali."

Ya girgiza. Ɗan ƙarfen ya sulale ƙasa da kansa, muna kallo.

"Ka gani? A ciki akwai ɗan sifirin da wani ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa, su ke riƙe shi. Ko sifirin ya karye, ko ƙarfen ya cinye. Kada ka buɗe, ba aikinka ba ne. Mayar da ita ɗakin makamai, su rataya mata takardar lalacewa."

A karon farko bai ce eh ba.

"Baba, in na kai yanzu za su cire ni daga tafiyar. Wata takwas ina jiran a sa sunana, da ita ake duba ƙarin girma. Kuma za a ce in rubuta yadda aka yi ta lalace. Bari in dawo tukuna..."

"Ku nawa ne a motar?"

"Shida."

"To mutum biyar ba su san da robarka ba. Suna da 'ya'ya." Na matso da wayar kusa da fuskata. "Na faɗa maka abin da na sani. Sauran naka ne."

Na miƙa wa Najiba wayarta. Ban ce masa in ya kai zan ba shi ita ba. Wanda zai yi daidai don a ba shi mata, ranar da ya samu matar ya daina.

Awa huɗu ban zauna ba. Na share baranda, na sake sharewa. Sakinatu ta ce da salon maganar mutanen nan, "Zauna lah, Malam, za ka cinye tayil ɗin mutane." Najiba na ɗaki, ina jin ta tana jan hanci.

Muna idar da magariba wayar ta yi ƙara. Najiba ta fito da gudu, ko sallaya ba ta naɗe ba.

Munzali ne, zaune a benci, kuben kugunsa wayam.

"Baba, na kai. Sifirin ne ya karye biyu, mai gyaran ya nuna min. Sun tafi sun bar ni. Ga takardar da zan amsa."

"Ka ji ciwon abin?"

"Na ji, Baba."

Wannan karon gaskiya ya faɗa min, kuma idona yake kallo.

Na dubi Sakinatu, ta ɗauke kai tana murmushi. Na dubi Najiba, ta ƙanƙame gefen hijabinta.

"Ka san gidan yayana Lawal a Kano?"

"Na sani, Baba."

"In an sassauta kulle, ka tura manyanka."

Wayar ta sake komawa silin. Najiba ta kifa kanta a gwiwata tana kuka. "Abbana... Allah ya bar mana kai."

"Amin. Tashi ki zuba min abinci, tun rana ban ci ba."

Na ci sosai, har na ƙara. Tsoron bai tafi ba, gobe wata bindigar za su ba shi. Har yau da nake rubuta wannan ba a buɗe filin jirgi ba. Ban san ranar da za mu koma gida ba, ban kuma san abin da za su rubuta masa a kan takardar nan ba.