Saniya Ɗaya a Faifan Ƙungiya

Da safiyar Litinin shafin intanet na ƙungiyar manoma da makiyaya ta Karaye ya ƙi karɓar ko suna ɗaya, ga rajistar masu zaɓen shugabanni za a rufe ta Laraba.

Ruƙayyatu, mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta duba. Ɓangaren faifan da ake ajiye rajista ya cika maƙil. Ta bi folda-folda har ta iske wata sabuwa mai suna "Nagge am". Hoton garken shanu guda aka kwafa sau dubu arba'in, da sunan Hammawa, jami'in makiyaya.

"Magana ta ƙare," in ji Ɗanmaliki sakatare, mutumin da ko hularsa neman tazarce take. "Suna nasa, Fulatanci nasa. Yau zai bar aiki."

Abin bai kwanta mata ba. Makiyayan Beli ne kaɗai suka rage ba a shigar ba, kuma Hammawa ne ya sha rana ya tattaro su. Ta goge kwafe-kwafen, ta bar ɗaya, shafi ya farfaɗo. Sannan ta duba lokaci: Asabar, sha ɗaya na safe, daga kwamfutar ofis.

Mutum uku ke da mukullin ofis: Ɗanmaliki, Hammawa, da Anti Lauratu ma'aji.

"Anti Lauratu, ina kike Asabar?"

"Rogo, wajen suna. Tambayi ɗan acaɓan da ya kai ni."

Ta tambaya, haka ne. Ta juya kan Hammawa.

"Kalmar sirrinka fa?"

"Tana manne a ƙasan tebur, Malama. Mantuwa gare ni."

Ta ji kamar ta make shi. Maimakon haka ta nuna masa hoton. "Da yarenku, me za ka kira waɗannan in naka ne?"

"Na'i am. Shanuna ke nan."

"Nagge am fa?"

Duk da tashin hankalinsa sai da ya yi murmushi. "Saniyata. Guda ɗaya tak."

Ruƙayyatu ta tara su gaban shugaban ƙungiya, ta miƙa wa Ɗanmaliki hoton.

"Ranka ya daɗe, kullum kana cewa kana jin Fulatanci. Mene ne waɗannan?"

"Nagge mana! Wa bai sani ba?"

"Shanu hamsin ne a hoton nan, Alhaji," ta ce wa shugaba. "Bafulatani ba zai kira garke saniya ɗaya ba, sai wanda ya tsinci kalmar a kasuwa. Mukulli uku ne, Anti Lauratu tana Rogo. Kuma ƙuri'un Beli ba na sakatare ba ne."

Ɗanmaliki ya cire hula, ya mayar. Shugaba ya miƙa hannu, ya karɓe mukullin Ɗanmaliki.

Hammawa ya sunkuya, ya ɓanɓare takardar ƙasan tebur. Sannan ya ja kujera ya fara shigar da mutanen Beli, ɗaya bayan ɗaya.