Layin Ruwa a Bangon Surukai

Tana durƙushe a falon Umma, mahaifiyar saurayinta Dogo, ta zo dubiya, kanta a ƙasa don kunya. Sunkuyar da kan nan shi ya jawo komai, don idonta ya sauka a bango. An yi sabon fenti, amma ga wani layi ya kumbura a ƙarƙashinsa, daidai gwiwa, ya zagaye ɗakin.

"Umma, ruwa har nan yake kawowa?" Bakinta ya riga hankalinta.

Umma ta dire kofi. "Dubiya kika zo ko awo?"

'Yar Taswira ake ce mata. Digiri na uku take yi a jami'a, kan yadda gari ke girma yana cinye hanyoyin ruwa. Wata takwas tana bin unguwanni da sandar awo, tana auna irin layin nan a bangon mutane, tana tambayar tsofaffi inda rafi yake bi a da. Da ta kammala taswirarta, gida goma sha ɗaya suka fito zaune a kan tsohon rafi. Na bakwai gidan su Dogo ne. Kuma hukumar tsara gari na jiran aikin, don ta tashi mutanen wurin.

Dogo ya zo ƙofar gidan iyayenta, ko zama bai yi ba.

"Don Allah, ki ɗan matsar da layin rafin nan a taswirarki. Taku ashirin kacal! Baba ya rantse in gidansa ya fito a takardarki, babu zancen aurenmu. Da hannunsa ya aza bulon nan."

Hawaye suka cika mata ido. "In na matsar da shi a takarda, wa zai je ya gaya wa ruwan?"

Ya karɓi kwafi ɗaya na taswirar, ya ninke, ya tafi.

Mamanta kuwa har da tafa hannu. "Oh ni! 'Ya'yan mutane na riƙe miji, tawa tana riƙe rafin da ya mutu tun ba a haife ta ba!"

"Mama, rafi ba ya mutuwa. Kwanciya yake yi."

Kwana uku tana buɗe kwamfuta, ta kai hannu kan layin, ta janye. Ta san ba wanda zai gane, ko Farfesanta. Amma ɗakin Umma ne mafi gangare a gidan. A na huɗu ta miƙa aikin yadda yake, ta dawo ta ci kukanta.

Wata biyu shiru — ba kira, ba saƙo. Ta haƙura, ta bar wa Allah.

Ashe Dogo bai yar da takardar ba. Damina na kankama ya dinga magiya, har ya kwashe iyayensa zuwa gidan yayarsa, Baba na faɗa yana cewa sati ɗaya kawai zai yi. Ran kwana na biyar aka yi ruwa tun safe har la'asar. Rafi ya tashi ya bi hanyarsa, ya shiga ɗakin Umma ta taga.

Bayan sati biyu sai ga sallamar Baban Dogo a gidan iyayenta. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"'Yata, ni ne da neman gafara," ya ce a hankali. "Na so ki yi mini fenti, kika ƙi. Hukuma ta ba mu wani filin. Ba zan aza bulo ko ɗaya ba sai kin taka shi."

Umma ta leƙo daga bayansa. "Wannan karon ki taho da sandar taki, surukata!"

Dogo na can bakin ƙofa yana murmushi. Ita kuwa ta rufe fuska da mayafi.

Wanda ke ƙaunarka ba ya shafa wa gaskiya fenti don ya faranta maka. Ya faɗe ta, ya yi haƙuri, ko da za ka juya masa baya.