Kofin Kawu Yip Ba Garehul

Da hantsi Sufeto Zaleha Mokhtar ta isa ƙaramar mashayar da ke tsohon garin Ipoh, a ƙasar Malesiya. Jiya da yamma wani dattijo, Yip Kam Chuen, yana cikin abokansa ya yanke jiki ya faɗi a nan da kofi a hannunsa. Yana asibiti, da sauran numfashi.

Wanda ya kai ƙara ɗan ƙanwarsa ne, Wai Lun. Yana tsaye a bakin ƙofa yana nuna mai haɗa abin sha da yatsa.

"Ga shi nan, ranki ya daɗe! Tsohon fursuna ne. Ya san Kawu na shan maganin hawan jini, kuma da idona na ga ya matse masa garehul, babban lemon nan mai ɗaci da ba ya jituwa da maganin."

Mai haɗin, Keong, bai ɗaga kai ba. Da sharaɗi aka sako shi bara. Ƙara ɗaya ta isa ta mayar da shi gidan yari.

"Me ka ba su?" in ji Sufeto.

"Sabon haɗina. Ruwan garehul ja, giyar shinkafa, zuma da citta, a shafa gishiri da barkono a bakin kofi."

"Har da dattijon?"

Sai da ta ja kujera ta zauna sannan Keong ya ce, "Na yi masa alkawari ba zan faɗa ba. Ba ya son abokansa su san ba shi da lafiya, tsokana za su yi ta yi. Nasa shayi ne mai sanyi da zuma da citta, in sa zoɓo ya yi ja kamar na kowa. Shi da ni kaɗai muka sani."

Ta sa aka kai ragowar kofin ɗakin gwaji.

A asibiti likita ya ce, "Ba guba. Garehul ne ya hana maganin barin jikinsa, ya taru, jini ya faɗi. Amma ba aikin kofi ɗaya ba ne. Ya jima yana sha."

Kafin ta bar wurin waya ta shigo daga ɗakin gwaji. Kofin shayi ne da zoɓo, ko ɗigon garehul babu.

Ta wuce gidan Yip. A bayan madafa ta tarar da igiyar shanya cike da ɓawon garehul, wani ya bushe ƙayau, wani ɗanye. Mai dafa abincin gidan, Inna Foong, tana juya tukunya.

"Inna, wannan ɓawo fa?"

"Ke 'yar nan, wa ke zubar da ɓawo? A jiƙa shi ya saki ɗaci, a dafa da jatan lande, sai kin lashe yatsa. Wannan ragon Wai Lun ne ke zubarwa, kullum sai in tsinto ɓawon a kwandon shara, ya nannaɗe a jarida kamar abin kunya."

"Shi yake shan garehul ɗin?"

"Ina! Ko ƙanshinsa ba ya so. Kwanan nan ne ya zama ɗan kirki, shi ke haɗa wa Kawu shayin ganyensa mai ɗaci da safe. Ya ce in huta."

Da la'asar Sufeto ta zube ɓawon a kan tebur gaban Wai Lun.

"Ka ce ka ga an matsa garehul a kofin kawunka."

"Ja ne fa! Kowa ya gani."

"Zoɓo ne. Wannan kuma daga gidanku, ɓawon wanda kake matse masa a shayin safe, ɗacin ganye ya rufe."

Wai Lun ya zuba wa ɓawon ido. Gumi ya keto masa.

"Shekara da shekaru ina tsare masa shagon magunguna," in ji shi. "Rana ɗaya ya ce 'yarsa zai bar wa, wadda ba ta san ganye ɗaya ba. Na ce in ya faɗi a mashaya, wa zai yarda da fursuna?"

Wani kofur ya saka masa ankwa, aka fita da shi.

Kwana kaɗan bayan haka Kawu Yip ya shigo mashayar yana dogara sanda, Inna Foong na biye da kwanon ruwa da ganyen garehul. Ta tsoma ganyen ta yayyafa wa Keong daga kai har ƙafa.

"Tsaya mana, ja'iri! A wanke maka baƙin jini."

Dattijon ya riƙe hannun Keong da hannu biyu. "Likita ya ce da kofin nan na gaske ne, da ban tashi ba. Kai ka rufa mini asiri, ni kuma na kusa ja maka ɗauri. Na gode, ɗana."

Ya juya ga abokansa ya ɗaga murya. "To, ku ji, tsofaffin banza! Hawan jini gare ni, shayi nake sha!"

Aka fashe da dariya. Wani mai sanƙo ya ɗaga hannu a hankali. "Keong, ni ma a yi mini irin nasa."

Keong ya goge idonsa, ya tura kofi ja gaban Sufeto. "Ranki ya daɗe, ba giya a ciki. Ban san da wane baki zan gode miki ba."

Ta kurɓa, ta nuna Inna Foong da kofin. "Ga wadda za ka gode wa. Ita ta ƙi zubar da ɓawo."