Boris Ɗin Tsohuwar Tarakta

Kafin Insifekta ta iso garejin, unguwa ta riga ta yanke hukunci: ɗan gwangwan ne ya sace sababbin boris na tsohuwar tarakta. Hujjar kowa ɗaya ce, wai duk mai sayen tsohon ƙarfe ɓarawo ne. Kwanansa biyu a kulle. Ita kuwa ba ta taɓa ganin kotun da ta karɓi sana'ar mutum a matsayin shaida ba.

Baba Makanike ne ya kai ƙarar, shekararsa arba'in da biyar yana ɗaure inji. Taraktar ta surukinsa ce, mijin 'yarsa. An daina ƙera irinta tun kafin a haifi Insifekta, kuma sai da aka yi wata takwas ana nema kafin a samo boris saiti ɗaya tak.

"Baba, yaya kamanninsu?"

"Kamar rabin awarwaro, ranki ya daɗe. Su ke rungume da karanshaf yana juyawa. Tsofaffin sun cinye. A kan tebur ɗin nan na ajiye sababbin, ko kwalinsu ban buɗe ba."

Ta duba kwaɗon ƙofa, lafiyarsa lau. Ga batir sabo a ƙasa, ga lagireto na tagulla jingine da bango.

"Ɓarawon ƙarfe ya tsallake wannan tagulla, ya ɗauki abin da bai cika aljihu ba?"

"Halin ɓarawo sai shi," in ji Baba, yana ta goge hannun da ba datti.

A ofis aka fito mata da ɗan gwangwan, idanunsa sun yi ja.

"Rabona da garejin ya fi mako," ya ce.

"An ga kurarka a ƙofar ranar Talata, ranar da aka ce an yi satar. Ka ƙara min ƙarya ɗaya, in tashi."

Ya sunkuyar da kai. "Na je. Tsoro ne ya sa na musa. Amma ban shiga ba, ranki ya daɗe. Na ji inji yana ruri, na ce Baba na kan aiki. Can sai na ji ƙau-ƙau-ƙau, kamar ana dukan tukunya, sai shiru. Na tura kurata na yi gaba."

"Wane injin?"

"Ai tarakta ɗaya ce a ciki."

Ta koma garejin da Kofur. A bangon da ke bayan salansa akwai sabon tabon hayaƙi, ta shafa, ya kama yatsanta. A bayan tarin tayoyi Kofur ya jawo bokitin man inji. Man sabo ne, ko baƙi bai yi ba, amma da ta ɗaga shi wajen haske sai ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli.

"Baba, inji yana tashi ba boris?"

"Ba ya tashi."

"To, sa min hannu a bayaninka."

Ta miƙa masa biro. Ya kai hannu ya damƙi iska, sai a karo na biyu ya kama. Ya kara takardar da hancinsa, ya sa hannu a tsakiyar rubutun.

Ana haka surukin ya shigo, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa yana kallon ƙasa.

"Tun yaushe idon ya fara?" Insifekta ta tambaya a hankali.

Baba ya ajiye biron. Sannan ya tashi, ya zura hannu cikin wata tsohuwar taya, ya zaro ƙunshin tsumma. Boris ne, sun ƙone sun yi shuɗi.

"Boris na sama yana da ɗan rami, ta nan mai ke shiga. Na ƙasa ba shi da shi. Na musanya su. Minti huɗu kacal injin ya yi, suka ƙone." Ya ajiye su a kan tebur. "Mutum nawa na kora daga garejin nan a kan wannan kuskuren? Yaya zan dubi mijin 'yata in ce ba na gani?"

"Haba Baba," in ji surukin, "da ka faɗa min, ai ƙarfe ne."

"Ban ambaci sunan kowa ba. Cewa kawai na yi an sace."

"Da aka kama ɗan gwangwan kana tsaye," in ji Insifekta. "Yana da mata, yana da 'ya'ya huɗu. Ka yi magana?"

"Ban yi ba."

Kofur ya ciro ankwa, ta girgiza masa kai. Baba ya cire rigar aikinsa, ya ninke, ya miƙa wa surukin makullin gareji ba tare da ya ɗago ba.

"Roƙona ɗaya, ranki ya daɗe. A fito da shi kafin a shigar da ni. Kada ya ƙara ko minti ɗaya."

Suka sa shi gaba zuwa mota, maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin titi. Mai wankin mota ya ɗaga murya: "An gano kayan a wajen ɗan gwangwan ɗin?"

Insifekta ta tsaya, hannunta a kan murfin motar.

"Ba a saci komai ba. Baba ne ya ɗaura su ba daidai ba, suka ƙone, ya ɓoye."