Ranar da Jirgi Ya Bar Salma

Ƙamshin miyar kuka ya cika ɗan falon nasu da ke wani dogon bene a unguwar Sanyuanli, cikin birnin Guangzhou. Ummu Salma ta durƙusa ta ajiye kular tuwo a gaban surukarta, ta ce, "Hajiya, ga abinci."

Hajiya ba ta ko ɗaga kai ba. Barira, yayar mijin Salma, tana kishingiɗe a kujera tana latsa waya, ledojin kayan da ta saro a kasuwar Canaan zube a gefenta. Ta ɗago ta kalli hannun Salma, ta yatsine fuska.

"Da hannun nan kika tuƙa? Tab! Hajiya, ni dai biredi zan ci. Ban baro Kano don in kwashi cuta ba."

Salma ta janye hannunta cikin hijabi. Shekara biyu ke nan da Umar Faruƙ ya auro ta ya kawo ta Guangzhou, inda yake tura wa 'yan kasuwa kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Nansha. Bayan zuwanta ne farin tabo ya fito mata a yatsu, ya hau wuya, ya kama gefen bakinta da kewayen ido. Likitoci sun ce albaras ne, ba a ɗauka, ba ya kisa. Faruƙ bai taɓa canja mata fuska ba. Amma tun da hotonta ya isa gida, dangi suka sa ta a baki. Zuwan nan da Hajiya da Barira suka yi, sunansa sarin kaya, amma Salma ta ji da kunnenta lokacin da Hajiya ke ce masa, "Ka sallame ta cikin mutunci tun ba ta haifa mana masu dabbare-dabbare ba."

Faruƙ ya shigo da sallama, fuskarsa cike da fara'a.

"Albishirinku! Na yanko mana tikiti, tsibirin Hainan za mu. Akwai jirgin ruwa da ke kai mutane wani ƙaramin tsibiri, a ba ka gilashi da bututun numfashi ka leƙa ƙarƙashin teku. Salma, kin tuna alkawarin da na yi miki?"

"Har da ita?" in ji Barira.

"Haba Yaya Barira, ai don ita aka shirya tafiyar."

"To, Allah ya ba kifaye haƙuri."

Faruƙ ya yi 'yar dariyar yaƙe ya wuce ɗaki. Halinsa ke nan: yana son Salma har cikin ransa, amma a gaban uwarsa da yayarsa bakinsa mutuwa yake yi. A kicin Salma ta share hawaye, ta ce a ranta, kwana nawa ne, za su koma.

Ranar da suka hau jirgin ruwan, gari ya yi garau, teku shuɗi kamar an rine shi. Baƙi sun cika jirgin, yawanci 'yan ƙasar, da Larabawa kaɗan. Jagoran tafiyar, wani siririn Basine mai ƙaramar lasifika, yana nuna musu duwatsu da ƙauyen masunta yana bayani da guntun Turancinsa. Salma ta shafa man kare rana a fuska da hannu, don farin wurin ba ya jure zafi, ta zauna tana kallon ruwa kamar yarinya.

Da suka tsaya kusa da tsibirin, jagora ya fara rarraba rigunan hana nitsewa da gilasai. Yana miƙa wa Salma nata, Barira ta ɗaga murya da Turanci yadda kowa zai ji.

"Boss! Wannan in ta gama ku jefar, kar ku ba wani. Sick! Skin sick!"

Kowa ya juyo yana kallon Salma. Wata mata ta jawo ɗiyarta jikinta. Wani saurayi ya ɗaga waya yana ɗaukar ta hoto.

"Yaya, please!" in ji Faruƙ ƙasa-ƙasa. Ya juya ya yi wa jagora bayani da yaren ƙasar, mutumin ya gyaɗa kai ya ce babu matsala.

Hajiya ta ce, "Gaskiya ta faɗa. Ta zauna ta tsare takalma mana, dole sai ta shiga?"

"Na fasa," in ji Salma.

Faruƙ ya kamo hannunta. "Zo. Can gefe za mu, mu biyu."

Sanye da doguwar rigar ninƙaya mai hula ta sauka a tsanin jirgin, ta cije bututun, ta kifa fuska a ruwa. Sai duniya ta yi shiru. Ga murjani kamar itatuwa, ga kifaye rawaya da shuɗaye masu ratsi suna giftawa ta gaban idonta, wani ƙarami har ya zo ya tsaya yana kallonta. Faruƙ ya matse hannunta, ya nuna mata kunkuru yana tafiyarsa a natse. Ta yi dariya har ruwan gishiri ya shige mata baki. Rabon da ta yi irin wannan dariya har ta manta.

Bayan nan aka sauke su a tsibirin don cin abinci. Wuri ne ƙarami, farin yashi da baƙaƙen duwatsu, babu gida babu rumfa sai lemomin da ma'aikatan jirgin suka kafa. Suna cikin ci Hajiya ta fara amai, jiri ya kwashe ta. Jagora ya ce akwai ƙaramin jirgi mai gudu da zai iya mayar da ita gaɓa, amma mutum ɗaya kawai zai raka ta.

"Ni wallahi ba zan hau wannan abin ba," in ji Barira.

Faruƙ ya dubi Salma. "Sorry, zan kai ta asibiti. Ku taho a babban jirgi. Yaya, ga amanarta nan."

"Je ka kawai."

Da aka fara naɗe lemomi, Salma ta ce, "Anti, ban yi azahar ba. Bari in zaga bayan dutsen can in canja kaya in yi salla. Don Allah riƙe min jakata."

Barira ta ɗauki jakar da gefen mayafinta. "Kar ki yi sauri, sai sun gama loda kaya tukun."

Salma tana zaman tahiya ta ji ƙarar inji. Ta sallame, ta zagayo da gudu ba takalmi. Jirgin ya riga ya ja baya.

"Ku tsaya! Wait! Anti! Anti Barira!"

Ta faɗa ruwa har ƙugu tana ɗaga hannu. Kiɗa na tashi a jirgin, mutane duk sun shige inuwa. Mutum ɗaya ce a tsaye a baya, riƙe da ƙarfe: Barira. Suka haɗa ido. Salma ta ga lokacin da ta gyara gilashinta na rana, ta juya, ta shige ciki.

Da farko Salma ta ce kuskure ne, yanzu za su juyo. Jirgin ya ƙanƙance, ya ɓace. Wayarta, takalminta, ruwan sha, man da take shafawa, duk suna cikin jakar. Yashi ya fara cin tafin ƙafarta. Ta raɓe jikin dutse, amma dutsen kansa kamar tanda. Ta ja hijabi ta rufe fuska, hannayenta suka rage a waje. Ta ɓoye hannu, ƙafafu suka fito. Kafin la'asar farin wurin ya yi jajir, ya fara tashi ƙuraje masu ruwa. Leɓenta ya tsage. Ruwa kuma ya fara hawowa, yana cinye yashin kaɗan-kaɗan, sai da ta hau kan duwatsu masu kaifi suka yayyanka mata ƙafa.

Amma ba ranar ce ta fi ƙona ta ba. Wani tunani ne ya zo ya zauna mata a ƙirji: anya ba da saninsa ba? Shi ya kawo maganar tafiyar. Shi ya tafi ya bar ta. Shi ne bai taɓa buɗe baki ya ce wa yayarsa ta bari ba. Ko ya gaji ne, ya rasa yadda zai faɗa?

"A'uzu billahi," ta ce da ƙarfi, tana kuka. "Ya Allah, ban zaɓi fatar nan ba. Kai ka ba ni. Kar ka bar ni in yi wa mijina mummunan zato."

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da ta ji inji. Ta kasa miƙewa. Ƙaramin jirgin bai gama tsayawa ba Faruƙ ya diro cikin ruwa da kayansa, yana ihu, "Salma! Salma!" Da ya ga fuskarta sai ya zube a gabanta ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

"Ka san da maganar?" Abin da ta fara tambaya ke nan, da ƙyar.

"Ni? Salma, ni?" Ya dafe kai. "Yaya Barira ce ta ce wa jagora kin bi mu a ƙaramin jirgi. Ni kuma da na dawo daga asibiti ta ce min kina ɗakinmu na otal kina barci, kar in tashe ki. Sai da na ga jakarki a ƙarƙashin gadonta!"

Jagoran yana gefe, yana ta sunkuyawa yana ba da haƙuri, ya buɗe mata gorar ruwa.

A asibiti aka naɗe mata hannu da ƙafa, aka sa mata ƙarin ruwa. Hajiya, wadda ta riga ta warware, tana zaune a kujera. Barira na tsaye bakin ƙofa tana taunar cingam.

"Wai duk wannan kukan na mene ne? Ba ga ta nan da ranta ba? Cewa na yi bari ta ɗan ji a jikinta, ko ta gane ba a son ta, ta tattara ta koma gidan ubanta."

Faruƙ ya miƙe. Salma ba ta taɓa ganin idonsa haka ba.

"Yaya Barira, tun ina yaro ban taɓa mayar miki da magana ba. Yau zan yi. Amana na ba ki, kika bar min mata a tsakiyar teku. Daga yau ƙafarki ba za ta sake taka gidana ba." Ya juya ya durƙusa gaban uwarsa. "Hajiya, ki gafarce ni. Komai kika ce in yi zan yi, ban da rabuwa da Salma. Shirun da na riƙa yi ne ya jawo mata wannan, kuma na gama shi."

Kafin Hajiya ta amsa, aka ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yan sanda ne biyu da tafinta. Masu jirgin ne suka kai rahoto. Tafintan ya ce abin da aka yi babban laifi ne. In wadda aka cuta ta shigar da ƙara, za a riƙe fasfon Barira, kuma zai yi wuya ta kwana a waje.

Cingam ɗin ya tsaya a bakin Barira. "Faruƙ... Hajiya, ki yi magana mana!"

Kowa ya zuba wa Salma ido. Ta dubi tafintan, hawaye na gangarowa ta kan ƙurajen fuskarta.

"Ka ce musu abin da aka faɗa gaskiya ne, ta bar ni da gangan. Amma ba zan shigar da ƙara ba. Na yafe."

Aka yi ta kai da komo, aka ja wa Barira kunne da kakkausar murya, sannan suka tafi. Barira ta fice ko kallon gadon ba ta yi ba.

Hajiya ta jawo kujerarta kusa. "Ke kuwa me ya sa? Ni da na haife ta ma na kasa buɗe baki in roƙar mata."

"Saboda ke ne, Hajiya. In suka rufe ta a ƙasar nan, ba za ki ƙara barci mai daɗi ba. Ɗanki ma haka."

Tsohuwar ta rufe fuska da mayafi, ta fara kuka. "Na ƙi ki, Ummu Salma, ba zan ɓoye ba. Amma Allah ya sani ban ce a kashe ki ba. Ki yafe min, 'yata."

Barira ta koma Kano ita kaɗai. Ba ta ba da haƙuri ba, har yau. Sai dai labari ya riga ta isa: daga masu shaguna a Canaan har matan da suke haɗa tafiya sari tare, babu wadda ta ƙara yarda ta bi ta ko nan da filin jirgi. Hajiya kuwa ta ɗaga tafiyarta, ta zauna a Sanyuanli har Salma ta taka ƙafarta. Da ta koma gida, ranar wani suna wata 'yar uwa ta soma, "Ina labarin matar Faruƙ mai..." Hajiya ta katse ta a gaban taro: "Sunanta Ummu Salma, kuma duk dangin nan babu mai zuciyarta. Wadda ta ƙara, kar ta sake gaishe ni."

Tabon ƙunar bai gama ɓacewa daga hannun Salma ba, albaras ɗin ma yana nan. Amma ta samu miji mai tsaya mata da uwa mai kare ta, abin da kuka da rama gayya ba su taɓa ba kowa ba.

'Yan uwa, larurar da Allah ya ɗora wa bawa ba abin gori ba ce, don babu wanda ya san yadda zai wayi gari. Ku kuma maza, biyayya ga iyaye wajibi ce, amma yin shiru ana zaluntar matarka ba biyayya ba ce, taya zalunci ne. Allah ya ba mu haƙuri irin na Salma, ya tsare mu da cin amana.