Jakar da Ta Kira Ni Daga Mirriya

"Mutum nawa suka gani?" Inno, kakata, ta tambaye ni.

Na sunkuyar da kai. "Sun... sun fi dubu goma, Inno."

"Dubu goma! A cikinsu nawa suka ce tubarkalla? Hafsatu, kin ɗauki farin cikinki kin baza a faifai kamar tumatir a kasuwar Dole!"

Tun jiya da hantsi angona Illa ya hau moto, babur ɗin nan nasa, ya tafi Gidimuni kai wa kawunsa goron ɗaurin aurenmu. Kawu ya ce bai iso ba. Wayarsa a kashe. Ga shi yau har azahar ta gota.

Ni ɗalibar zane ce a wata lakkol a nan Zinder. Mushenmu, wato malaminmu, kullum cewa yake wanda ba a ganin aikinsa a waya, ba mai ba shi aiki. Shi ya sa na buɗe shafi. Na daɗe ina sa hotunan zanen bangon gidajen tsohuwar unguwar Birni, ba mai kulawa sai ƙawayena. Sai da na zana jakar nan. Inno, 'yar gidan dukawa, ta ɗinka ta da jar fata da zare kore, idonta na hawaye saboda tsufa. Guda ɗaya tak a duniya, ta Illa.

Ranar da ta gama ta ce, "Ki ba shi a ɓoye. Baki yana kama ango fiye da kowa."

Na ba shi a ɓoye. Amma kafin nan na ɗauke ta hoto, na sa a shafina, na rubuta: Kyautar angona. Kafin gari ya waye ta zagaye ko'ina. Har daga Yamai ake neman in yi wa mutane irinta. Na yi ta tsalle a ɗaki ni kaɗai...

Wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, mahaifiyar Illa. Na ɗauka.

"Ina wuni, Hajiya..."

"Ba wuni na kira ba. Ƙanwarsa Husaina ta nuna mini abin da kika yi. Ɗana guda ɗaya kika kai wa duniya ta zuba masa ido?" Kuka ya sarƙe ta. "In wani abu ya same shi, Hafsatu..."

Ta kashe. Ba ta ƙarasa ba, amma na ji sauran a ƙirjina.

Na durƙushe a tsakar gida. Ya Allah, ni ce? Ni na jawo wa masoyina? Shi da yake tsayawa a rana yana riƙe mini farin kwali don hoto ya yi haske, yana dariya yana cewa, "'Yar zanena, wata rana sai na nemi izini kafin in gan ki!"

"Goge shi," in ji Inno a hankali. "Duka. Ko Allah zai dube mu."

Na buɗe shafin. Duk wahalata tana ciki, duk burina. Ban damu ba. In Illa zai dawo, su tafi! Yatsana na kan wurin gogewa sai saƙo ya faɗo, daga wata da ban sani ba.

"Salama, 'yar'uwa. Sunana Rut, ina aikin jinya a Mirriya, ina bin shafinki. Jiya an kawo mana wani saurayi, mota ta buge shi a moto. Ba takarda a jikinsa, wayarsa ta farfashe. Yanzu nake gyara kayansa na ga jaka... jar fata, zare kore, cike da goro. Ba ke kika ce guda ɗaya ce ba?"

Ihu na yi. Na kira lambar da ta bari ina kuka.

"Yana da rai? Don Allah ki faɗa mini, yana da rai?"

"Ki kwantar da hankali. Ƙafa ce ta karye, kansa kuma ya bugu. Yana buɗe ido yana rufewa. Ku zo."

Ban san yadda muka shiga motar Mirriya ba, ni da Inno da Hajiya. Kowace bishiya muka wuce sai in ce a raina: kar ya tafi kafin mu isa... kar ya tafi...

Muka same shi kwance, kai a naɗe. Rut ta ajiye jakar kusa da matashinsa. Hajiya ta faɗa kansa tana hamdala. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa, na kasa shiga.

Ya juyo da ƙyar. "'Yar zanena... goron bai kai ba."

Na fashe da kuka.

Hajiya ta ɗago, ta dubi jakar, ta dube ni. Sannan ta miƙo mini hannu. "Shigo, ɗiyata. Tsayuwar me kike?"

Inno ta share ido da bakin mayafi, ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Kin goge abin?"

"Ban kai ga gogewa ba, Inno."

"To bar shi. Amma ki rubuta musu da manyan baƙi: duk wanda ya kalla, ya ce tubarkalla."