Hoton Shan Ruwa

Marin da Wasila ta zabga mini sai da na ga wuta, ludayin kunu ya suɓuce daga hannuna.

"Ki duba! Ki duba abin da kika yi mini, Murna!"

Ta cusa mini wayarta a fuska.

Hotonmu ne ni da ita ranar shan ruwan farko, cikin abaya iri ɗaya, muna dariya. A shafin majami'armu ta gida aka sa shi. A ƙasa an rubuta: "Ku taya mu godiya. Ta hannun 'yar'uwa Murna, Wasila 'yar Maraɗi ta karɓi Almasihu a Dubai."

"Wasila, Allah ne shaidata ban..."

"Dangin Sulaiman sun gani! Sun ce a mayar musu da lefensu. Bayan Sallah fa za a ɗaura mana aure! C'est fini, komai ya ƙare, kin kashe ni!"

Ta shige ɗaki ta banko ƙofa.

Shekara biyu ke nan da majami'armu ta Malumfashi ta aiko ni aikin bishara. Ina ɗinki a wani shago a Al Muraqqabat, ranar Juma'a kuma, da yake ita ce ranar hutu a nan, mu yi sujada, daga nan in bi 'yan aikin gida da ba su da kowa in duba su. Ɗaki ɗaya muke da Wasila. Ban taɓa ɓoye mata ko ni wace ce ba, Littafi Mai Tsarki a kan gadona yake kwana. Ita ta koya mini yafa mayafi irin na nan. In azumi ya zo ba na cin komai a gabanta, ni ke dama mata kunun gyaɗa don a gajiye take dawowa. Iyakar wa'azina ke nan, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba.

Mutum ɗaya na tura wa hoton nan. Filibus, wanda zan aura.

Na same shi a ƙofar siton da yake aiki a Al Quoz, rana kamar ta narkar da kwalta. Shi ma kwamitin bishara ɗaya ne ya aiko mu.

"Masoyiyata, kwantar da hankalinki ki ji..."

"Kai ka rubuta?"

Ya share gumi, ya ƙi kallona.

"Roda ce ta ja. Ta ga hoton da na ɗora a shafina, ta kai wa Mama, ta ce ga wadda ɗanki zai aura, ta musulunta."

Roda 'yar shugaban kwamiti ce. Tun muna ƙungiyar mawaƙa take bin Filibus da ido, kowa ya sani.

"Mama ta rantse ba za ki shigo gidanmu ba. Kwamiti kuma suka ce shekara biyu, ina rai ko ɗaya da aka samo wa Almasihu? Sai na rubuta. Layi ɗaya ne fa, Murna! Don mu na yi, zuciyata."

"Layi ɗaya ya kashe auren mutum, Filibus!"

"Gobe bayan sujada za su kira mu ta bidiyo, Mama ma za ta zauna. Ki ce e kawai. Khalas, shi ke nan, a sa mana rana."

"Wasila fa?"

"Wasila kyakkyawa ce, za ta samu wani."

Na tsaya ina kallon bakin da ya faɗi haka. Bakin da yake jagorantar addu'a har mutane su yi kuka. Abin takaicin shi ne ko a lokacin ina sonsa, so irin wanda ke hana mutum cin abinci.

Washegari muka zauna gefe da gefe a gaban wayarsa. Ga dattawa sun jeru, ga Mama ta haɗe rai, ga Roda a bayan babanta wai ta kawo ruwa.

"Murna 'yata," in ji shugaba, "labarin da muka ji gaskiya ne?"

Filibus ya taka mini ƙafa a hankali.

Kalma ɗaya ce tsakanina da farar rigar aure. Na ji ta a kan harshena.

"A'a, Baba. Wasila musulma ce. Jiya ma da azumi a bakinta ta mare ni, kuma tana da gaskiya."

Shugaba ya matso kusa da wayar.

"To me kika yi shekara biyu?"

"Na dama kunu, Baba."

Roda ta tuntsire da dariya. Mama ta tafa hannu.

"Ai na faɗa muku! Na faɗa!"

Shugaba ya gyara gilashinsa. "Filibus, kai ka aiko da rahoton. Daga ina ka samo shi?"

Na juya na dube shi. Na rantse na ɗauka zai tsaya tare da ni.

"Abin da ta gaya mini na rubuta, Baba."

Ko muryarsa ba ta yi rawa ba.

Ban yi kuka a gabansu ba, wannan kam ban ba Roda ba. Na roƙe su abu ɗaya, su fito su ce kuskure ne. Suka cire hoton shiru, ba su ce komai ba, wai kada a ɓata sunan aiki. Ni na ɗauki muryata na aika wa dangin Sulaiman, na rantse musu da duk abin da na yi imani da shi. Mahaifiyarsa ta aiko da amsa gajeriya: magana zarar bunu ce.

Kafin sati ya zagayo kwamiti ya kira ni gida. Kafin in gama haɗa kaya na ji an kai gaisuwar Filibus gidan su Roda.

Ranar da zan tafi na dama kunu kamar kullum, na ajiye a gaban Wasila. Aka kira sallah. Ta ɗauki dabino, ta sha ruwa.

"Na ji abin da kika faɗa musu," ta ce. "Na san ba ke kika rubuta ba."

"To ki yafe mini, ƙawata..."

"Na yafe. Amma ki gaya mini gaskiya. Kunun nan, don ni kike damawa, ko don ki samu abin kai musu?"

"Don ke ne! Amma ba zan yi miki ƙarya ba, kullum ina yi miki addu'a."

"Na sani. Ni ma ina yi miki, kowace sallah." Ta ture kofin da ɗan yatsa. "Sai dai ni ban taɓa kai ki kasuwa ba."

Ta tashi ta shimfiɗa darduma, ta juya mini baya.

Na zauna da akwatina a gefe, ina jiran ko za ta waiwayo. Har mai tasi ya kira sau uku kunun na nan, ya huce, ba ta taɓa shi ba.